Anti, Me Ya Sa Natsuwata Ba Ta Daɗewa?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 32, ina zaune a Zariya da mijina da 'ya'yanmu uku, ɗinki nake yi a gida. Matsalata ita ce zuciyata ba ta zama wuri ɗaya. Yau in tashi cikin walwala ina wasa da yara, gobe in wayi gari kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Abu kaɗan ke juya ni: maigida ya shigo bai saki fuska ba, ko mai ɗinki ta kushe aikina, ko in ga an karanta saƙona a WhatsApp ba a amsa ba, shi ke nan yinin ya lalace. Tun rasuwar mahaifiyata shekara biyu da suka wuce abin ya ƙaru. A azumin da ya gabata, musamman goman ƙarshe, na sami natsuwar da ban taɓa samu ba, har na ce na warke. Sati biyu bayan Salla na koma gidan jiya. Yayata ta ce ƙarancin tawakkali ne, wata maƙwabciya ta ce a nemo mai ruƙiyya. Ina salla, ina azkar. Ko imanina ne yake da matsala? Ta yaya zan sami kwanciyar hankali mai ɗorewa?

Ƙanwarki daga Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya kai haske kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne inda kika tambaya ko imaninki ne yake da matsala. Na ji a jikina wannan tambayar ta fi sauran ci miki rai, don haka da ita zan fara.

Akwai wani sahabi mai suna Hanzala, yana cikin masu yi wa Manzon Allah (SAW) rubutu. Wata rana Sayyidina Abubakar ya gamu da shi ya tambaye shi yaya yake, sai ya ce, "Hanzala ya yi munafunci." Abubakar ya ce subhanallahi, me kake faɗa haka? Ya ce idan muna gaban Manzon Allah yana tuna mana wuta da aljanna, kamar muna ganin su da idanunmu; da mun fita mun koma cikin iyali da neman abinci, sai mu manta da yawa. Abubakar da kansa ya rantse cewa shi ma haka yake ji. Suka ɗunguma suka je suka faɗa wa Annabi (SAW). Ya ce musu da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun yi musafaha da su a kan shimfiɗunsu da kan hanyoyinsu, amma ya Hanzala, sa'a da sa'a. Sau uku ya maimaita. Hadisin yana cikin Muslim. To idan zuciyar da take zama gaban Annabi tana hawa tana sauka, ba ki da dalilin tuhumar imaninki don natsuwar goman ƙarshe ba ta bi ki har ƙarshen Shawwal ba.

Ki saurari yadda mu Hausawa muke faɗin abin. Muna cewa hankalina ya tashi, hankalina ya kwanta. Abu mai rai kuwa haka yake, ya kwanta ya tashi. Hankalin da zai kwanta sau ɗaya ya zarce, an tanade shi a gidan da aka ce mutanensa babu tsoro a kansu kuma ba za su yi baƙin ciki ba, Allah Ya sa muna cikinsu. Abin da ake samu a nan duniya, kuma shi nake miki fata, shi ne ki iya kwantar da hankalinki duk lokacin da ya tashi, ki daina firgita don kawai ya tashi. Wannan iyawar ita ce take ɗorewa, kuma koyon ta ake yi kamar yadda kika koyi taka keke.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san ruwan gulbi da damina. A ɗebo shi jajawur, ko kallonsa ba ka son yi. A juye a randa a rufe a bar shi ya kwana, da safe laka ta koma ƙasa, ruwa ya yi garau. Amma idan yaro ya tsaya a kai yana zura moɗa yana jujjuyawa don ya ga ko ya kwanta, har gobe ba zai kwanta ba. Ke ma akwai ɓacin ran farko, wanda fuskar maigida ko maganar mai ɗinki ta jawo. Sannan akwai moɗar da kike zurawa: me ya sa nake haka, ko Allah Yana fushi da ni, ko ba zan taɓa warkewa ba. Ɓacin ran farko da an ƙyale shi sau da yawa ba ya kai la'asar. Jujjuyawar ce take cinye yinin, har ta kwana da ke.

Wani abu a wasiƙarki ya ja hankalina, ban sani ba ko kin lura da shi. Kin ce a goman ƙarshe kika fi samun natsuwa, ke kuwa tela ce. Duk wanda ya san gidan tela ya san a goman ƙarshe ba ta da sukuni: atamfa da leshi jibge a kan gado, ana ta aiko yara a ji ko an gama, keke yana kuka har sahur. A tsakiyar wannan hayaniya kika sami natsuwa. Albarkar watan tana nan, babu mai musun ta. Amma ban da ita, a waɗannan kwanaki kowace sa'a ta san aikinta. Kin san lokacin tashi, lokacin ɗora girkin buɗa-baki, lokacin Alƙur'ani, lokacin tsayuwar dare. Hannunki cike yake, waya tana gefe, mutane suna shige da fice, kowa yana da bukata a wurinki. Da aka sauko daga idi, ɗinki ya ɗauke, gida ya yi tsit, duk tsarin ya watse a rana ɗaya. Ga kuma Salla ta zo ta wuce babu ɗakin Mama da za a je a durƙusa a yi barka da Salla. Sati biyun da kika yi ma kin yi ƙoƙari.

Allah da Ya halicce mu Ya riga Ya bayyana halinmu a Suratul Ma'arij, aya ta 19 zuwa ta 23: an halicci mutum mai raki, idan sharri ya shafe shi ya kasa haƙuri, idan alheri ya same shi ya yi rowa, sai dai masu salla, waɗanda suke dawwama a kan sallarsu. Kalmar dawwama nake so ki riƙe. Annabi (SAW) ma ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ba za ki iya ɗauko Ramadan gaba ɗaya ki shimfiɗa a sauran wata goma sha ɗaya ba, kuma ba a nemi haka daga gare ki ba. Ki tsinci abu biyu ko uku ƙanana ki kafa su kamar turke: shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan asuba kafin ki taɓa waya, lokacin kwanciya guda ɗaya kowane dare, da lokacin da kike zama a kan keke ko akwai ɗinkin gaggawa ko babu. Ranar walwala ki yi, ranar nauyi ki yi. Ranar da kika karanta shafin ba ki ji komai a zuciyarki ba, ki rufe ki tashi, kin yi naki. Turke ba ya hana akuya zagaye, amma yana hana ta ɓata.

Ni ma ba a littafi na koyi wannan ba. Lokacin da maigidana ya rasu ina takaba, akwai kwanakin da ko tashi daga tabarma ba na so. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo ta tare a wurina. Ba mai yawan magana ba ce, ban tuna ranar da ta yi mini dogon wa'azi ba. Kullum bayan asuba za ta jingina tsintsiya a ƙafata ta ce, "Tashi, tsakar gida na jiran ki." In yi shara ina kuka, hawaye yana ɗiga a kan ƙurar da na tara. Da hantsi ta ajiye mini faifai da wake in tsince. Bayan isha'i kuwa ta baje tabarma ta ce, "To, ba ni labarinsa." In yi ta zuba, yadda yake son miyar kuka da man shanu, yadda yake gyaran murya a zaure kafin ya yi sallama, ita kuwa tana jan carbi tana cewa "Allah sarki." Wata huɗu da kwana goma muna haka. Baƙin cikin bai tafi ba ranar da na fita takaba, amma ya sami wurin zama, ya daina bi na ɗaki-ɗaki.

Shi ya sa zan tambaye ki: tun da Mama ta rasu, wa ya taɓa ce miki ba ni labarinta? Ina kyautata zaton ita ce kike kai wa ƙananan ɓacin rai, ki kira ta ki ce yau wance ta ce kaza, ta ce miki rabu da ita, ki ji wasai. Yanzu waɗannan ƙananan abubuwa ba su da wurin sauka, sai su taru a ƙirji. Mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne game da asirin gida da asirin mutane. Amma kewar uwa ba asiri ba ce. Ki nemi mutum ɗaya, ƙanwar Mama ko aminiyarta ko wata babba da kika yarda da bakinta, ki riƙa zuwa kuna hirarta.

Yayarki kuma kada ki riƙe ta a rai, ita ma uwa ta rasa, kowa da yadda yake ɗaukar nasa. Sai dai maganarta ba daidai ba ce. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne kawai. Babu wanda ya isa ya ce ba shi da tawakkali. Manzon Allah (SAW) ya riƙe ɗansa Ibrahim yana cikawa, hawaye yana zuba, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Nana A'isha kuwa idan an yi rasuwa a danginta, bayan masu gaisuwa sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Wani sashe aka ce. Ko a gidan Annabi da kaɗan-kaɗan ake rage shi, kuma har ta hanyar abin da ake sa wa a ciki.

Yanzu mu zo kan abubuwa ukun da kika lissafa: fuskar maigida, bakin mai ɗinki, shirun WhatsApp. Dukkansu a hannun wasu suke, kuma akalar yininki tana ɗaure a jikinsu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuska iyakarta ta gaya miki ransa a ɓace yake, ba ta gaya miki dalili. Dalilin ke kike ƙarawa, kuma kullum sai ki ƙara wanda ya fi yi miki ciwo: ya gaji da ni. Alhali mai yiwuwa bashi ne, ko kuɗin makarantar yara, ko wani ya ɓata masa rai a wajen aiki. Idan abin ya taso ki tambayi kanki, me na gani da idona, me kuma na ƙara? Na ga bai yi fara'a ba. Sauran duk ƙari ne. Ki kawo masa ruwa, ki bari ya ci abinci, sannan ki ce, "Lafiya kuwa? Na ga kamar da damuwa." Wata rana kuma da kuke cikin daɗi, ki gaya masa a fili cewa tun rasuwar Mama zuciyarki ta yi rauni, shirunsa yana yi miki nauyi. Maza da yawa ba su san abin da fuskarsu take yi a cikin gida ba sai an faɗa musu. Amma idan abin ya wuce ɗaure fuska, akwai zagi ko wulaƙanci ko duka, wannan magana ce daban, ba zuciyarki ce mai laifi ba, kuma manya ya kamata su shigo.

Mai ɗinki kuwa, idan ta ce hannun riga ya matse, rigar ta kushe. Ki duba, in gaskiya ne ki farke ki gyara, in ba gaskiya ba ne ki ba ta haƙuri ta tafi. Kin fi ni sanin abin da ake yi idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi: ba a ci gaba da takawa da ƙarfi, sai allura ta karye. Tsayawa ake yi, a ɗaga, a zare, a sake saƙala zaren a natse. Haka za ki yi wa kanki idan kin ji abin ya taso. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Ki yi alwala, ki zauna, ki ja numfashi ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kamar sau goma. Wannan yana sassauta bugun zuciya. Ki ce wa kanki yau ranar nauyi ce, na san ta, ta sha zuwa ta sha wucewa. A irin wannan ranar kada ki tura dogon saƙo, kada ki yanke hukunci a kan aurenki ko zumuncinki.

Ranakun walwala ma suna da nasu aikin. Wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai tare, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Ranar da kika tashi wasai, ki rubuta wa kanki layi uku ko huɗu: abin da kika sani gaskiya ne game da mijinki, da 'ya'yanki, da kwanakin nauyin da kika riga kika tsallake. Ranar duhu zuciya ba ta tuna waɗannan, sai a nuna mata da rubutun hannunta. Kuma kada ki riƙa cewa na warke duk ranar da kika ji daɗi, domin wannan kalmar ce take mayar da saukowar gobe ta zama faɗuwa.

Shi wannan malamin ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi, da wanda yake saukowa babu dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana bukatar magani. Likitocin yau ma ba su yi nisa da wannan ba, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki sosai. Ki buɗe shafin ƙarshe na littafin da kike rubuta awon mutane. Kowane dare har wata biyu ki rubuta kwanan wata, yadda yinin ya kasance, awa nawa kika yi barci, da inda kike a al'adarki. Mata da yawa sai sun yi haka suke gane cewa nauyin yana zuwa ne kwanaki kaɗan kafin al'ada, ko bayan sun raba dare a kan keke. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a matan da suka yi haihuwa kusa-kusa, yana kawo kasala da faɗuwar gaba. Haka ma matsalar sinadarin da yake fitowa daga gaban wuya, inda maƙoƙo yake fita, tana iya juya halin mutum. Duk biyun da gwajin jini ake gano su.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran wata biyu a kansu. Idan nauyin ya zauna kusan kullum har sati biyu ko fiye, abin da kike jin daɗinsa da ya fita daga ranki, barci da cin abinci suka rikice, kika kasa kula da kanki da yara, wannan ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ne suke fama da shi a 2019, ya kuma fi kama mata, kuma ana warkewa. Haka nan idan ranakun walwalar suna wuce misali, ki yi kwanaki kina barcin awa biyu ko uku ba ki jin gajiya, magana tana zuba ba tsayawa, kina kashe kuɗi ba lissafi, wannan wata cuta ce daban da likitoci suke kira baifola, ita ma tana da magani, kuma maganinta ba irin na ciwon damuwa ba ne, shi ya sa dole likita ya ji duka ɓangarorin biyu. Idan kuwa tunanin mutuwa ko cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, a ranar za ki faɗa wa maigida ko yayarki su raka ki asibiti, ba gobe ba. Kina kusa: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar.

Ruƙiyya kuma ki yi wa kanki. Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a tafin hannu ki shafe jikinki lokacin kwanciya, da addu'ar nan ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Wannan ba ya karo da ganin likita, Annabin da ya koya mana addu'a shi ya ce mu nemi magani. Abin da nake ji miki tsoro shi ne a kawo wanda zai ce aljani ne tun bai ji labarinki ba, ya yi ta turare da tsawa yana karɓar kuɗi, ki fito da sabon tsoro a kan tsohuwar damuwa. Ina kuma roƙon ki don Allah, duk wadda ta miƙo miki ƙwaya ko ruwan kwalba ta ce yana kwantar da hankali, ki mayar mata. Ta wannan ƙofar matan aure da yawa suka faɗa shan maganin tari mai kodin, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Maganin barci ma ba a saya a kemis sai likita ya rubuta.

Kafin Salla mai zuwa, ki ware yadi ko na yara biyu ne daga cikin marayun unguwarku, ki ɗinka musu da niyyar ladan ya kai ga Mama. Ki sa babbar 'yarki ta zauna kusa da ke tana miƙo miki almakashi, kina ba ta labarin kakarta. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini abin da shafin ƙarshe na littafin awo ya nuna, mu duba tare. Ki gaishe mini da maigida da yara.